Da gaske mutuwa na jiran Sallah? Camfin nas-nas da abin da bincike ya gano

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti a Katsina ko Daura ana jajibirin Sallah, da wuya bai ji irin wannan ba. Ɗalibar nas ta leƙa ɗakin maza, ta ga rabin gadaje ba kowa, ta ce, "Sista, yau kam shiru." Nan take babbar ta tare ta: "Ke, rufa mana asiri, kar ki jawo mana!" Akwai masu cewa in aka yi rashi ɗaya a ɗaki, sai an cika uku. Akwai kuma wadda ta fi taɓa zuciya, wai tsohon da ya daɗe kwance riƙe ransa yake yi har ya ga Sallah, ya ga jikoki cikin sababbin kaya, sannan ya cika.

Nas-nas a Amurka da Ingila ma haka suke faɗa game da Kirsimeti da sabuwar shekara. Da yake su kowace mutuwa a rubuce take da rana da dalili, sai masana suka zauna suka duba.

Batun furta "shiru" bai ɗauki lokaci ba. A 2019 wasu likitoci a Ingila suka gwada: wasu ranaku a ce da gangan yau za a yi shiru, wasu ranaku kar a ce. Mujallar likitoci ta BMJ ta buga sakamakon, aiki bai ƙaru ba. Na cika uku kuwa, a ɗakin da aka tara masu jin jiki, rashi kan zo a jere wani lokaci. Mai ƙirga shi ke zaɓar inda zai fara, kuma da ya kai uku sai ya daina.

Na riƙe rai ya fi ba da wahala, don har masana sun taɓa yarda da shi. A 1988 David Phillips, masanin zamantakewa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ya ce mutuwar Yahudawa na raguwa kafin babban idinsu, ta ƙaru bayansa. Amma a 2004 Donn Young da Erinn Hade suka bi takardun mutum 309,221 da ciwon daji ya yi ajalinsu a jihar Ohayo tsakanin 1989 da 2000. Ba su ga alamar mutuwa na ja da baya kafin Kirsimeti ko ranar haihuwar majinyaci ba.

To me ya sa ƙwararriyar nas za ta rantse ta gani? Ta gani ɗin. Baban da ya cika da la'asar bayan an sauko Idi, da sabuwar hula a gefen filonsa, ba ta mantawa da shi har ta bar aiki. Wanda ya rasu saura kwana biyu Sallah kuwa, ranarsa ba ta da suna, sai ya shige cikin sauran. Ni dai ina ganin bai kamata a riƙa faɗa wa iyalai wannan magana ba, ko da nufin lallashi ne. 'Yar da ke hanya daga Kano, mahaifiyarta ta cika kafin ta iso, kar a bar ta da tunanin ba a jira ta ba. Mun yi imani ajali ba ya gaba, ba ya baya.

Sai dai akwai inda nas-nas ke da gaskiya: lokacin biki yana da haɗari. Phillips ɗin nan, a 2004, ya bi takardun mutuwa kusan miliyan 53 na Amurka daga 1973 zuwa 2001, ya tarar mutuwar ciwon zuciya ta fi yawa ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. Aka ce ai sanyi ne. Sai a 2016 aka duba Niyu Zilan, inda Kirsimeti ke faɗowa cikin zafi, can ma aka ga ƙarin kusan kashi 4 cikin 100 na masu mutuwar zuciya waɗanda ba a cikin asibiti suka mutu ba. A Suwidin, binciken 2018 kan bugun zuciya sama da 283,000 ya nuna haɗarin ya haura da kashi 37 cikin 100 a jajibirin Kirsimeti, ya fi tsanani wajen ƙarfe 10 na dare, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga.

Waɗannan alƙaluman ƙasashensu ne. Amma dalilan da masana ke zargi, jinkirin zuwa asibiti, sauyin cima, gajiya da ƙarancin ma'aikata, duk mun san su a gidajenmu.

Saura kwana biyu Sallah za ka ji majinyaci na roƙo: "Likita, don Allah a sallame ni in yi Sallah a gida." In aka hana, 'yan'uwa su sa hannu su ɗauke shi. Mai hawan jini maganinsa ya ƙare, ranar ganin likita ta faɗa cikin hutu, ya ce a bari sai bayan Sallah. A Babbar Sallah ga soyayyen nama kwana da kwanaki, da gishiri da magi da lemon kwalba. A Ƙaramar Sallah mai ciwon suga ya sauya lokutan shan magani saboda azumi, bai koma ya tambayi yadda zai mayar ba. Ga tsayuwar rana wajen kallon Hawan Sallah da Hawan Bariki a Katsina, ko Hawan Magajiya a Daura, ga samari na gudu da babura. Dattijo ya ji ƙirji ya ɗaure masa, gida cike da baƙi, kunya ta hana shi magana, ya sha fanadol ya kishingiɗa. Lokacin da za a kai shi, ma'aikata rabi ne, don su ma karɓa-karɓa suke yi su ga iyalansu.

Akwai kuma abin da ya bambanta mu da su. Sallah na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Babbar Sallar 2019 ta zo 11 ga Agusta, tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara. Nas ɗin da ta fara aiki a waɗancan shekarun za ta ce Sallah na ɗaukar yara, alhali sauro ne. Ƙaramar Sallar 2024 kuwa cikin Afrilu ta zo, lokacin zafi da sanƙarau.

Saboda haka, mako guda kafin Sallah, a ƙirga ƙwayoyin Baba da na Inna a ga ko za su kai ƙarshen hutu. In likita ya ce a zauna, a zauna, a kawo wa majinyaci tuwon Sallarsa kan gado. Ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, gumi mai sanyi, numfashi sama-sama, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe, yaro mai zazzaɓi ya fara jijjiga ko ya ƙi nono, ko ɗaya ba ya jiran a sauko Idi. Sashen gaggawa a buɗe yake ranar Sallah, dare da rana, kuma akwai nas da ta bar 'ya'yanta a gida tana can.