Zoben Ƙafar Tsuntsu da Baƙin da Ke Sauka Bakin Tekun Accra

(Lacca ce da aka yi wa ɗalibai da iyaye a wata makaranta a Nima, aka rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Malamai, iyayena mata da ke can baya, samari da 'yan mata, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya leƙa bakin teku a Jamestown ko Chorkor tsakanin Agusta da Oktoba zai ga wasu fararen tsuntsaye masu wutsiya irin ta tsattsewa suna bin jiragen masunta, suna faɗawa ruwa da ka, suna fitowa da ƙananan kifi. Yawancinsu ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba. Daga Turai suka taso da kaka ta shiga can, sanyi ya fara, abinci ya ja baya. To, wa ya bi su har ya tabbatar? Ba kowa. Ɗan zobe ne a ƙafarsu ya ba da labari.

Da can Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa ba, har wasu masana na cewa tsattsewa cikin taɓo take shigewa ta yi barci sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, ga mashin Afirka cake a wuyansa, da shi ya yi tafiyar duka. Yana nan ajiye a Jami'ar Rostock. Sai a 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara yanka alminiyam yana buga lamba da adireshi, yana naɗa wa tsuntsaye a ƙafa. Aikin ya bazu. Tsattsewar da aka sa wa zobe a Ingila a 1911, an same ta a Natal ta Afirka ta Kudu a ƙarshen 1912.

Bari in nuna muku yadda ake yi, don mutane na zaton wahalar da tsuntsu ake yi. Tun kafin asuba ake kafa raga tsakanin sanduna biyu, zarenta siriri ne ƙwarai, tsuntsu ba ya ganinta sai ya faɗa. Ba a wuce rabin sa'a ba a zagayo ba. A zare shi a hankali, ƙafa da fari, sannan fiffike, sannan kai, a sa shi a jakar yadi ya natsu. Mai aikin zai riƙe shi, wuyan tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ba matsewa. Ya zaɓi zobe daidai ƙafar, ya rufe da filaya, ya juya shi ya ga yana yawo ba ya cizo. Ya auna fiffike da rula. Ya zura shi da ka cikin ɗan bututu ya ɗora a sikeli. Sannan abin da ya fi burge ni: ya hura gashin ƙirjin da bakinsa, gashin ya dare, sai ka hango kitse rawaya-rawaya a ƙarƙashin fata. Guzurin kenan. Akwai ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 18 ba, amma kafin ya tunkari Sahara sai ya haura giram 30, ya ƙone kitsen nan kaf a hanya. A rubuta komai a littafi, a buɗe hannu. Duka 'yan mintoci ne. Kuma ba kowa ke yi ba, sai wanda ya koya a hannun gwani ya samu izini.

Na bakin ruwa da dare ake kama su, a kan sa musu ƙarin zobba masu launi, yadda za a gane tsuntsu daga nesa da madubin hange ba sai an sake kama shi ba. Haka aka yi a Esiama, can yammacin ƙasar nan, da wani ɗan tsuntsu mai guje-guje a bakin igiyar ruwa. Aka gano cewa har Girinland, can ƙuryar arewacin duniya, wasunsu ke zuwa yin ƙwai, kuma su dawo wannan yashin dai shekara bayan shekara.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Wata irin tsattsewar teku, cikin fararen tsuntsayen nan masu bin jiragen masunta, mai ɗan ja-ja a ƙirji, ta yi ta raguwa a Turai a shekarun 1970. Babbar matattararta a yau wani ɗan tsibiri ne, Rockabill, kusa da Dublin ta ƙasar Ireland. Da aka duba inda zobbanta ke fitowa, sai ga Gana a kan gaba, kuma da yawa daga hannun yara masu ɗana tarkon zaren fatsa a yashi, da ɗan kifi a tsakiya. Ni ban ɗora wa yaran laifi sosai ba, ba wanda ya taɓa gaya musu daga ina baƙon ya fito. A 1985 aka fara shirin ceton tsuntsayen bakin teku, Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta ja ragamarsa, aka shiga makarantu da ƙungiyoyin yara. A 1992 wurare biyar na gaɓar tekunmu suka shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayin da ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar karewa: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu, da Muni. Zobe ne ya fara nuna inda ciwon yake.

Kakanninmu fataken goro tsakanin Salaga da Kano sun san cewa ayari ba ya kai gari idan rijiyar tsakiyar hanya ta ƙafe. Tafkunan nan su ne rijiyoyin tsuntsaye. Ku je Sakumo a hanyar Tema ku gani da idonku: ana cike gefen ruwan da ƙasa ana dasa gidaje, ga bola na kwarara. Abin yana ci mini rai, domin in ruwan sama ya sauko, a irin waɗannan tafkunan ne ruwan ambaliya ke samun wurin zama.

Roƙona ɗaya ne. Cikin ƙananan tsuntsaye ɗari masu zobe, da ƙyar a sake jin labarin guda. Saboda haka wanda ya faɗo hannunka yana da tsada. In mai rai ne, kada ka cire zoben, ɗauki hotonsa da waya yadda lambar za ta fito, ka sake shi. In matacce ne, sa leda a hannu kafin ka taɓa, saboda murar tsuntsaye. Rubuta rana da wuri, ka aika wa adireshin da ke jiki, ko ka kai wa ƙungiyar Ghana Wildlife Society a nan Accra. Galibi za a aiko maka da amsa: ga inda aka sa masa, ga shekarar.

(Wani dattijo ya tambaya ko zoben ba na asiri ba ne, ko na leƙen asiri.)

Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar tana kan hanya, don an sha kashe tsuntsu saboda wannan zargi. Zoben ƙarfe ne zalla, babu batir, babu komai a ciki, lamba ce da adireshi. Akwai manyan tsuntsaye da ake ɗaura wa 'yar na'ura a baya, ita ma inda tsuntsun yake kawai take faɗa wa masu bincike, ba ta ɗaukar hoto ko murya. Ga wani zoben nan na zo da shi, a miƙa wa Baba ya duba, sannan a zagaya da shi wajen iyayenmu mata.