Kai ya cika, tumbi ya ƙanƙance: abin da sikanin ke faɗa

Ku ɗauka ga hoton sikanin na wata mai ciki a gabanku. Ciki ne na mako 33. An auna kan ɗan tayin, ya yi daidai da kwanakinsa. Da aka sauko kan tumbinsa kuwa, sai ga shi kamar na mako 29. Uwa za ta ce alhamdulillahi, ai kan ya cika. Likita kuwa a nan zai gyara zama.

Ɗan tayi ba ya ci, ba ya numfashi. Abinci da iskar oksijin duk ta mabiyya suke zuwar masa, su biyo igiyar cibiya. Idan mabiyya ta gaza, saboda hawan jinin masu ciki, ko maleriya wadda ƙwayoyinta ke maƙalewa a cikinta, sai abin da ke isa gare shi ya ragu.

To ya zai yi? Abin da mai noman rani ke yi idan ruwa ya ja baya: ya toshe wasu hanyoyin, ya karkatar da ruwan inda ya fi ƙauna. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa su buɗe, jini ya kwarara can da zuciya, a rage wa hanji da ƙoda da gaɓoɓi. Hanta ta ƙarar da ajiyarta, shi ya sa tumbin ya ƙanƙance. Ƙoda kuma ta rage fitsari, ruwan da yake kwance a ciki ya yi ƙasa, don yawancin ruwan nan fitsarinsa ne.

A wajen sikanin akan ji wata ƙara, fuu, fuu, fuu. Na'urar Dofla ce ke bin gudun jini. A cibiya mai lafiya jini ba ya tsayawa ko tsakanin bugun zuciya da bugu. In ya fara tsayawa, ko ya riƙa komawa baya, al'amari ya yi tsanani. A cikin kan ɗan tayin kuma ana duba wata jijiya ta tsakiyar ƙwaƙwalwa, a ga ko ta buɗe fiye da kima.

A da ana ɗauka wannan dabarar ta tsirar da ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Ba haka ba ne. A mako 34 nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na ranar da ciki ya cika wata tara ba, tana tsakiyar gini ke nan, kuma wasu daga cikin yaran sukan sha wahalar karatu ko natsuwa daga baya. Wasu ne fa, ba duka ba.

Babu maganin da ke gyara mabiyyar da ta gaji. Abin da ya rage shi ne lissafin rana: a bar ɗan tayin ya ƙara ƙwari, ko a ciro shi. In za a ciro kafin mako 34, akan yi wa uwa allurar da ke nunar da huhunsa.

Tef ɗin nan da nas ke miƙawa a kan ciki ranar awo, shi ne yakan fara tona zancen. In kuma kika ji motsinsa ya ragu, Hajiya, yau za ki je asibiti, kada ki jira ranar awo.