Cutar Kumburin Hanji da Wahalar Gane Abin da Ke Cikin Rai

Masu kallo, assalamu alaikum. A wannan bidiyo za mu yi bayani a kan wani ɓangare na cutar kumburin hanji wanda ba a cika tabo shi a ɗakin likita ba, wato halin da ran majinyaci ke shiga, da kuma wahalar da wasu majinyatan ke sha wajen gane abin da suke ji a zuciyarsu, balle su iya faɗa wa wani.

Ya kamata mu fara sanin cutar da muke magana a kanta, domin ba gudawar kwana biyu ba ce, ba kuma atunin da ƙwayar cuta ke kawowa a sha magani ya wuce ba ne. Cuta ce wadda garkuwar jiki ke juyawa a kan bangon hanji, ta riƙa haddasa kumburi da gyambo, kuma tana zama tare da mutum shekara da shekaru, wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta lafa. Manyan nau'o'inta biyu ne. Akwai cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga likita Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a asibitin Mount Sinai da ke birnin New York a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har zuwa dubura, ko da yake ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. Sai kuma gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira kolaitis, shi kuwa iyakarsa babban hanji da dubura. Alamominsu sun haɗa da gudawa mai jini, murɗawar ciki, rama da gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Yawanci cutar kan bayyana ne tsakanin shekara 15 zuwa 35, daidai lokacin karatu da neman sana'a da aure. Wani babban ƙiyasi na duniya ya nuna cewa a 2017 kimanin mutum miliyan 6.8 ne ke ɗauke da ita, kuma duk da cewa an fi saninta a Turai da Arewacin Amurka, tana ƙaruwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka.

A 2021 masu bincike sun tattara sakamakon nazarce-nazarce masu yawa daga ƙasashe daban-daban, suka gano cewa kusan ɗaya daga cikin majinyata uku na fama da alamomin fargaba, ɗaya daga cikin huɗu kuma na da alamomin ciwon damuwa. Idan cutar ta tashi, adadin yana hawa sosai: fiye da rabin majinyatan suna cikin fargaba, sama da kashi ɗaya cikin uku kuma suna da alamomin ciwon damuwa.

Duk wanda ya zauna da mai wannan ciwo ba zai yi mamakin alƙaluman ba. Mutum ne da zai iya shiga banɗaki sau goma ko fiye a yini, wani lokaci ba tare da cikinsa ya ba shi ko minti ɗaya na shiri ba. Kafin ya shiga motar haya sai ya lissafa tsawon hanya, kafin ya je ɗaurin aure ko ya zauna a aji sai idonsa ya nemo inda makewayi yake. Idan Musulmi ne, riƙe alwala har a idar da sallar jam'i kan zame masa abin zulumi, azumi kuma ya zama tambayar da yake dawowa kanta kowace shekara. Budurwa tana tunanin yadda za ta yi wa wanda zai aure ta bayani, magidanci yana tsoron kada yawan fashi ya raba shi da aikinsa. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne ciwon yana wurin da kunya ke hana ambatonsa. Mai ciwon sukari ko hawan jini yana iya faɗar larurarsa a tsakiyar jama'a a tausaya masa, amma wanda bayan gida ya kufce masa a kasuwa sai dai ya haɗiye abinsa, ya rage fita, a hankali kuma mutane su fara cewa ya canza hali.

Sai dai ba wahalar rayuwa kaɗai ke jawo wannan hali ba, jikin kansa yana da hannu a ciki. A bangon hanji akwai ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin jijiya, kuma akwai wata doguwar jijiya mai suna begas da ta haɗa hanji da ƙwaƙwalwa, wadda mafi yawan saƙonnin da take ɗauka daga ciki suke tashi zuwa kai. Idan hanji ya kumbura, garkuwar jiki tana sakin wasu sinadarai a cikin jini, waɗanda tasirinsu ke kaiwa ga ƙwaƙwalwa, su kawo kasala, rashin sha'awar abinci da son kaɗaici. Idan kuma mutum ya shiga tashin hankali, ƙwaƙwalwa tana aika nata saƙon, motsin hanji ya canza, jin zafi ya ƙaru. Wani nazari da aka yi a birnin Leeds na Ingila, aka wallafa a 2018, ya bi majinyata na tsawon lokaci ya ga abin yana tafiya ta ɓangarori biyu: waɗanda cutarsu ke tashe sun fi faɗawa fargaba daga baya, waɗanda kuma suke da fargaba alhali cutar na kwance sun fi fuskantar tashinta. Ga kuma magani: firednisolon, wanda ake bayarwa domin kwantar da kumburi cikin gaggawa, yana iya hana barci, ya kawo saurin fushi ko baƙin ciki. Ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga masu zubar da jini ta bayan gida, shi ma yana kawo mutuwar jiki mai kama da ta ciwon damuwa.

A nan dole mu yi taka-tsantsan, saboda an taɓa zaluntar majinyata da irin wannan bayani. A wajajen 1950 wani masani a birnin Chicago, Franz Alexander, ya lissafa kolaitis cikin cututtuka bakwai da yake ganin rikicin cikin rai ne tushensu, kuma wannan ra'ayi ya daɗe yana sa ana kallon majinyaci tamkar shi ya jawo wa kansa. Ilimin yau ya nuna cewa cutar tana tasowa ne daga haɗuwar gado, garkuwar jiki, ƙananan halittun da ke zaune a hanji da kuma muhalli. Damuwa tana iya tsananta ciwon, amma ba ita ce ta haife shi ba, kuma bai dace a ce wa mai zubar da jini wai tunani ne ya yi masa yawa ba.

Yanzu mu zo ga ainihin batunmu. A farkon shekarun 1970 wani likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Harvard, Peter Sifneos, ya lura da wasu majinyata waɗanda idan an tambaye su abin da suke ji a rai sai su rasa amsa, su koma lissafa abin da ya faru da abin da jikinsu ke yi. Ya kira wannan hali aleksitimiya. A 1994 masana a birnin Toronto suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 20 da ake amfani da shi har yau, wanda ke duba abubuwa uku: wahalar gane abin da mutum ke ji da bambanta shi da abin da jiki ke ji, wahalar bayyana shi da baki, da kuma karkatar tunani ga abubuwan waje maimakon abin da ke ciki. Wannan ba taɓin hankali ba ne, ba kuma rashin tausayi ba ne. Mutumin yana jin tsoro da baƙin ciki kamar kowa, zuciyarsa tana bugawa, cikinsa yana juyawa, amma ba ya iya cewa wannan tsoro ne, wancan kuma fushi ne. A cikin jama'a baki ɗaya ana samun wannan hali ga kimanin mutum ɗaya cikin goma, amma wani nazari da Piero Porcelli da abokan aikinsa suka yi a Italiya, aka wallafa a 1995, ya same shi ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu kumburin hanji da aka gwada.

Ana iya fahimtar dalilin idan aka tuna cewa ɗan Adam yana gane halin da ransa ke ciki ne ta hanyar jikinsa. Faɗuwar gaba, ƙullewar ciki, ɗaukewar sha'awar abinci, duk da su muke sanin cewa wani abu ya tsorata mu ko ya ɓata mana rai. To, mai kumburin hanji cikinsa yana aiko masa da irin waɗannan saƙonni dare da rana saboda gyambo. Lamarin ya yi kama da gidan da janareto ke ruri a tsakar gida, inda ko an yi sallama a ƙofa ba lallai ne a ji ba. Masana sun kuma bambanta tsakanin wanda ya taso da wannan hali tun ƙuruciya da wanda ya same shi bayan doguwar jinya, inda rufe ƙofar zuciya ya zame masa hanyar jure abin da ya fi ƙarfinsa. A ganina wannan na biyun ya cancanci a kula da shi sosai a cikin al'ummar da ke yabon dauriya, inda amsar "yaya jiki" kusan kullum ita ce "da sauƙi". Haƙuri abu ne mai daraja, amma bai hana majinyaci faɗa wa likitansa gaskiyar halin da yake ciki ba.

Illar wannan hali a wurin jinya a fili take. Majinyacin da ba ya iya raba fargaba da ciwon hanji zai iya zuwa asibiti da murɗawar ciki, a ƙara masa magani mai ƙarfi, alhali hanjin ya lafa kuma abin da ke cin sa daban ne. An san cewa kimanin ɗaya cikin uku na waɗanda cutarsu ta kwanta suna ci gaba da jin ciwon ciki da sauyin bayan gida. Shi ya sa likitoci ke auna wani sinadari mai suna kalfurotektin a cikin bayan gida, ko su duba hanji da na'ura mai kyamara, domin su tabbatar ko akwai kumburi a zahiri. Kuskuren yana iya juyawa ta ɗaya ɓangaren, a ɗora komai a kan damuwa har cutar ta yi nisa. Sannan ciwon damuwar da ba a gano ba yana sa mutum ya daina shan magani a kan lokaci, ya daina zuwa ganin likita, kuma da yake bai taɓa cewa ransa a ɓace yake ba, babu wanda zai nemi dalili.

Saboda haka bai kamata likita ya jira majinyaci ya kawo kukan da ba shi da kalmominsa ba. Akwai gajerun takardun tantancewa, ɗaya mai tambayoyi 9 ta ciwon damuwa, ɗaya mai tambayoyi 7 ta fargaba, waɗanda ake cikawa cikin 'yan mintoci, kuma ta ciwon damuwar tana tambaya har a kan barci, cin abinci, ƙarfin jiki da sha'awar al'amuran yau da kullum, abubuwan da mai wannan hali zai iya amsawa. Zama da masanin halayyar ɗan Adam, musamman irin jinyar da ke koya wa mutum lura da tunaninsa da sauya yadda yake tunkarar matsala, yana rage damuwa ya kuma kyautata rayuwa, ko da yake ba ya maye gurbin maganin kumburi. Wasu majinyatan suna buƙatar maganin ciwon damuwa, kuma likita ne zai zaɓa, ya duba dacewarsa da sauran magungunan.

Gane abin da ke rai abu ne da ake iya koyo a hankali. Majinyaci zai iya ajiye ɗan littafi, kowace rana ya rubuta sau nawa ya zaga, ko ya ga jini, me ya faru kafin cikin ya murɗa, sannan ya zaɓi kalma ɗaya tak daga cikin tsoro, fushi, kunya, kaɗaici ko baƙin ciki. Bayan 'yan makonni shi da likitansa za su fara ganin wane ciwo ne ke zuwa da jini da zazzaɓi, wane ne kuma ke zuwa a daren jarrabawa ko bayan saɓani a gida. 'Yan uwa su ma su sauya salon tambaya. Maimakon "yaya jiki", uwa za ta iya cewa, "Ɗana, na ga kwana biyu ba ka fita wurin abokanka, tsoron hanya ne ko jikin ne?" Tambayar da ta zo da zaɓi ta fi sauƙin amsawa ga wanda kalmomi suka yi wa ƙaranci.

Kada majinyaci ya tsayar da firednisolon farat ɗaya saboda ya dagula masa rai, domin yanke shi ba tare da ragewa a hankali ba yana da haɗari. Ya sanar da likita a gyara masa. Kada kuma ya riƙa sayen ibufurofen ko diklofenak a kemis domin ciwon ciki, saboda suna iya tayar da cutar. Idan kuwa ya kai ga jin cewa rayuwa ba ta da amfani, ko tunanin cutar da kansa ya fara zo masa, to ya faɗa wa wani na kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar, kamar yadda za a yi idan jini ya ɓalle masa.