Babu ruwan ɗorawa a fuskar wayarka

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a, sannunku da zuwa. Kafin mu shiga magana, kowa ya fito da wayarsa. Ka buɗe farin shafi, ka ɗiga ruwa kamar ƙwayar gero a kan gilashin, ka kusanto da ido. Me ka gani a cikin ɗigon? Farin nan ya watse, sai ƙananan fitilu ja da kore da shuɗi. In wayarka ta ƙi nunawa, ka gwada da talabijin in ka koma gida, nata sun fi girma.

To, su ke nan abin da allon yake da shi. Hoton allo da ƙananan ɗigo-ɗigo na haske ake haɗa shi; allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo sama da miliyan 2, kowanne da fitilunsa uku. Babu fitilar ruwan ɗorawa ko ɗaya. Amma ga hoton mangwaro nunanne kana gani rawaya shar. Daga ina ta fito?

Daga idonka ta fito. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani, a jikinsa akwai ƙwayoyin da ke kama launi, kimanin miliyan 6, kuma iri uku ne. Idan hasken rawaya na gaskiya ya shigo, yakan taɓa iri biyu daga cikinsu, mai karkata ga ja da mai karkata ga kore. Idan kuma ka kunna fitila ja da fitila kore dab da juna, waɗannan biyun dai za su taɓu, daidai gwargwado. Saƙon da ya isa ƙwaƙwalwa ɗaya ne, ba ta da hanyar rarrabewa, sai ta ce rawaya. Wallahi duk lokacin da na koyar da wannan sai ya sake ba ni mamaki, ikon Allah ke nan.

Wannan sani ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wani likita ɗan Ingila, Thomas Young, shi ya kawo ra'ayin a 1802, tun ba a da na'urar da za ta tabbatar. A 1861 wani masanin kimiyya, James Clerk Maxwell, ya haska hotuna uku a Landan ta gilashi ja da kore da shuɗi, suka haɗu a bango suka ba da hoto mai launi. Ku lura, lambar nan uku tamu ce, 'yan Adam. Kare iri biyu gare shi, yawancin tsuntsaye huɗu. Allon da ka saya an ɗinka shi ne a kan awon idonka, kamar yadda tela yake yi wa mutum riga.

Yanzu ga inda nake so ɗalibanmu masu zane a kwamfuta su buɗe kunne. Idon nan bai raba ƙarfinsa daidai ba. Ya fi jin kore, shi ya sa Bryce Bayer na kamfanin Kodak, a tsarin matatun launi na kyamara da ya yi wa rajista a 1976, ya sa matatar kore biyu a kan kowace ja ɗaya da shuɗiya ɗaya, kuma yawancin kyamarori a kai suke har yau. Masu kama shuɗi kuwa su ne mafi ƙaranci, a tsakiyar gani ma kusan babu su. Don haka in ka rubuta sanarwar ɗaurin aure da siririn rubutu shuɗi a kan baƙi, ka wahalar da mutane, musamman dattawa. Ina ganin irin wannan kullum, kuma yana damuna.

Sannan ido ya fi kaifi wajen bambanta haske da duhu fiye da bambanta launi. Masu tsara JPEG, wato tsarin ajiye hotuna a waya da kwamfuta, wanda ya fito a 1992, sun ci moriyar wannan: sukan ajiye bayanin haske cikakke, na launi kuma a rage shi, sau da yawa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, hoton ya yi sauƙin turawa ba ka lura ba. Inda asirin yake tonuwa shi ne jan rubutu a kan shuɗi ko baƙi. Ka tura shi ta WhatsApp, a sake turawa, sai ka ga gefen haruffan ya jeme kamar rini ya zuba. Baƙin rubutu a kan fari ya fi jure wannan tafiya, don bambancinsa duk na haske ne.

Malama a baya can, na ga hannunki, bismillah.