Amsoshin Tambayoyinku: Filin Jirgin Takoradi da Hanyar Kano

Mai gabatarwa: To jama'a, takardu sun taru, lokaci kuma ba ya jira. Wata Hajiya daga Mamobi ta ce me ya hana jirgin fasinja sauka a Yoff idan an je Dakar? Hajiya, gidaje ne suka kewaye filin, ya rasa wurin faɗaɗawa. Tun Disambar 2017 ake sauka a sabon filin Blaise Diagne da ke Diass, na Yoff kuma soja suka riƙe shi.

Sai tambayar da ta zo daga Nima, Sabon Zango har Aboabo ta Kumasi: wai an rufe filin jirgin Takoradi da ke gaɓar tekun Ghana? Kuma da gaske ne yana da alaƙa da Kano? Baba, bismillah.

Baƙo: Alaƙa kam akwai, tsohuwa ma. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta faɗi, hanyar Bahar Rum zuwa Masar ta toshe wa Ingila. Sai aka riƙa sauke jiragen yaƙi a tashar ruwa ta Takoradi cikin manyan akwatunan katako, gangar jiki daban, fukafukai daban. A filin ake haɗa su, a ƙara wa ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Hurricane tankunan mai a ƙarƙashin fiffike, a sa matatar iska saboda rairayi, a gwada shi a sama. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940. Jirgin jefa bam ɗaya mai suna Blenheim ke jan gaba don shi ke ɗauke da mai duba hanya, ƙananan na biye. Hanyar ita ce Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yau, Jinaina, Fashir, Khartum, sannan Masar. Kusan kilomita 6,000, wajen kwana shida. Da gwamnan Chadi, Félix Éboué, bai koma ɓangaren de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙi tare da Ingila, a Agustan 1940 ba, da hanyar ta yanke a tsakiya. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi ta.

Mai gabatarwa: Baba, batun rufewa fa?

Baƙo: Ina zuwa, ɗana. Wahalar hanyar hazo ne. Matuƙi ya rasa ganin jagoransa, ya ɓace. Ƙura kuma ta ci injin, sai an sake duba shi kafin ya shiga fagen yaƙi. A bakin teku kuwa gishiri ne abokin gaba. Yana cin alminiyom, yana sa fitilun titin jirgi tsatsa, dole a riƙa wanke jirgi da ruwan daɗi.

Mai gabatarwa: Kun ji Baba, an tambaye shi ƙofa ya kai mu har Masar. To bari in faɗa a fili: ba a rufe shi ba. Na sake faɗa, ba a rufe ba. Sansanin sojan sama ne na Ghana, amma jiragen fasinja daga Accra suna sauka. Watakila na Sunyani kuke nufi, wanda aka dakatar shekaru saboda lalacewar titinsa, aka sake buɗewa a 2022. Ku daina tura duk abin da kuka gani a WhatsApp, don Allah.

Mai tambayar kuɗin tikiti daga Asawase, Malam, farashin nan canzawa yake kullum, ka tuntuɓi kamfanin jirgin kai tsaye.