Gajerun Haruffan da ke Hana Saƙo Isa

Jama'a, ku saurari irin sanarwar da aka riƙa turo wa manoma a waya: "RIFAN na kira ga masu cin gajiyar ABP na CBN su zo da BVN da NIN domin karɓar NPK." Jimla ɗaya, gajerun sunaye shida. Wanda ya rubuta ya gane komai. Amma manomin shinkafa a fadamar Argungu, wanda dominsa aka yi sanarwar, sai ya nemi ɗan makaranta ya warware masa.

Kuma shirin na ABP, wato bashin noma na Babban Banki, ba baƙonsa ba ne. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a Nuwamban 2015. Da cewa aka yi ƙungiyar manoman shinkafa na kiran masu bashin noma na Babban Banki su zo da lambar banki da ta ɗan ƙasa su karɓi takin kamfa, da kowa ya tashi ya kama hanya.

Matsalar ita ce waɗannan haruffa galibi kawunan kalmomin Turanci ne. Wanda bai san dogon sunan ba, ba shi da inda zai kama ya yi hasashe. Ku duba NIN da BVN. Kowacce lamba goma sha ɗaya ce, kuma a kunne sun yi kama. Ta farko hukumar katin ɗan ƙasa ke bayarwa, ta biyu kuwa ta banki ce, an fara ta a 2014. Dattijo ya taso daga ƙauye, ya biya kuɗin mota zuwa Jega, ya bi layi har azahar, sannan a ce masa ba wannan lambar ake nema ba. Wa zai biya shi wuninsa?

A asibiti abin ya fi tayar mini da hankali. Uwa ta kawo yaro yana gudawa, a ce mata ta ba shi ORS. Kunya kan hana ta tambaya, ta gyaɗa kai ta fita. Da an ce ruwan gishiri da sukari, an nuna mata yadda ake dama ƙunshi ɗaya a ruwa mai tsabta, da ta koma gida da abin da za ta yi a hannu.

Tsakanin abokan aiki a ofis, gajarta suna ba laifi, yana rage ɓata lokaci. Haka "slm" da "ykk" tsakanin samari. Amma idan saƙon na jama'a ne, a fara faɗin abin da Hausa da amfaninsa, sannan a kawo haruffan sau ɗaya, saboda su mutum zai gani a jikin takarda. Kafin a aika, a karanta wa wani babba a gida, a tambaye shi me aka ce ya kawo, ina zai kai, kuma yaushe.