Hasken da ido ba ya gani, da aikinsa a masana'anta

Assalamu alaikum. Jama'a, kowa a nan ya taɓa riƙe rimot. In wani ya gitta tsakaninka da talabijin, sai tasha ta ƙi canzawa. To hasken da rimot ɗin ke aikawa, wanda ido ba ya gani, shi ake kira infarared, William Herschel ya gano shi a 1800, kuma a kansa za mu yi magana yau.

Ku ɗauka mun shiga katafaren sito mai sarrafa kansa. Ga ƙugiyar ɗaukar kaya tana zirga-zirga a kan dogo tsakanin kantoci masu tsawo, duk ƙarfe. In ka ja mata waya, yau da gobe sai ta tsinke saboda lanƙwasa. In ka ce Wi-Fi, ƙarfe na mayar da sigina, injina da na'urorin walda na ta hayaniyar lantarki, ga na'urori barkatai suna rububin zangon rediyo ɗaya. Sai injiniya ya kafa na'ura ɗaya a ƙarshen layi, ɗaya a jikin ƙugiyar, suna kallon juna ido da ido, suna aika wa juna saƙo da hasken infarared. Kamfanoni irin su Leuze da SICK suna ƙera su, wasu na kai megabit 100 a daƙiƙa, tazarar fiye da mita 100. Saƙon Profinet, wato tsarin da injinan masana'anta ke magana da juna, ya wuce kamar a waya yake.

Abin da mutane ke kira aibinsa, wato ba ya ratsa bango, ni a wurina shi ne albarkarsa. Layi goma za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, babu mai shiga maganar wani. Na waje ba ya satar ji. Ba a neman lasisin zango.

Ba sabon abu ba ne fa. Gfeller da Bapst na IBM a Zurich sun yi rubutu a kan aika saƙo da infarared tun 1979, aka kafa IrDA, ƙungiyar tsara ƙa'idojin sadarwa da infarared, a 1993, har ƙa'idar 802.11 ta 1997, wato tushen Wi-Fi, ta saka shi, sai dai rediyo ya cinye kasuwa.

Amma kada in yaudare ku. Ƙura, tururi, maiƙo a kan gilashin na'urar, ko hasken rana kai tsaye, duk suna raunana shi. Dogo ya ɗan karkace, saiti ya goce, layi ya tsaya cak. Shi ya sa in an kira ka gyara, kafin ka buɗe kwamfuta, fara ɗaukar tsumma mai laushi ka goge gilashin, sannan ka duba fitilar ƙarfin sigina.